Baƙin Yashin Kawu Sahabi

Hafsatu, yanzu na iso shekarar da na fi son in tsallake. Na rubuta miki ƙuruciyata a Talata Mafara da rasuwar kakanki ba tare da hannuna ya yi nauyi ba, amma wannan babin sau uku ina fara shi ina yagewa. Ina so ki ji shi daga gare ni, domin duk wanda zai ba ki labarin nan a dangi zai ba ki shi ne a gyare, kuma ba don gaskiya aka gyara shi ba.

Sai na fara gaya miki abin da nake karantawa, in ba haka ba ba za ki gane girman laifina ba. A lokacin ina shekarata ta biyu a wata jami'a a ƙasar waje, ina bincike a fannin fiziks. Akwai wasu ƙarafa da ake kira masu wuyar samu, ba don babu su a cikin ƙasa ba, sai don a warwatse suke, kuma raba su da dutse aiki ne ja. Wanda aka ba ni, sunansa holmiyom. Nakan narka shi tare da alminiyom, irin wanda ake ƙera tukwane da shi, a wani ɗan murhun lantarki, har su haɗe su zama sabon abu guda, ɗan dunƙule kamar ƙwayar gujiya. Daga jikinsa nake yanko ɗan sili da bai fi ƙwayar shinkafa biyu tsawo ba, in manna masa wayoyi huɗu sirara kamar gashi, in saukar da shi cikin wata doguwar tukunya mai ruwan hiliyom. Sanyin cikin tukunyar nan ya zarce digiri ɗari biyu ƙasa da inda ruwa ke zama ƙanƙara. Abu biyu nake aunawa: yadda silin ke barin lantarki ya ratsa shi, da yadda yake amsa wa maganaɗisu, wato abin da muke ce wa mayen ƙarfe a gida.

A zafi irin namu, silin nan ba ya nuna komai. Ki kawo masa mayen ƙarfe, da ƙyar zai kula ki. Amma a cikin kowace ƙwayar zarrarsa akwai wani ɗan maganaɗisu kamar allurar nuna alƙibla, sai dai zafi ya hana su natsuwa, kowa ya fuskanci inda ya ga dama, kamar mutane a tsakiyar kasuwar Talata. Idan aka yi ta sanyaya shi, hayaniyar sai ta yi ta raguwa, har a kai wani mataki da za su juya gaba ɗaya su daidaita, kamar an ta da iƙama an yi sahu. A nan ne silin ke zama maganaɗisu, lantarkin da ke kutsawa da ƙyar kuma ya sami hanya, sai layin da na'ura ke zanawa ya yi gwiwa ya gangara. Wannan gwiwar nake nema. Na ƙaunaci aikin nan, Hafsatu. Har waƙa na rubuta masa a bayan littafin awona, ban taɓa nuna wa kowa ba.

Da ba don Kawu Sahabi ba, da ban taɓa ganin tukunyar nan ba. Shi ne yayan Inna, manomi ne a wani ƙauye kusa da Dosara, a ƙasar Maradun. Gonar kakanmu ta bakin rafi tana hannunsa, da ita yake ci da gidansa, dawa da damina, albasa da rani. Lokacin da takardar tafiyata ta zo, mahaifina ya riga ya rasu, magana tana hannun ƙanensa, Baffa Lawali. Baffa ya ƙi. Kawu ya hau mota tun daga ƙauye ya zo Mafara, aka zauna a zaure, ni da ƙanwata Zainabu muna laɓe muna ji.

"Ɗiya mace, ƙasar da ba ta da kowa?" in ji Baffa. "Mi za ta samo can wanda babu shi nan?"

"Ku bar ta ta tahi," in ji Kawu. "In wani abu ya biyo baya, ni Sahabi za a kama."

Da wannan maganar na tafi. Tun daga ranar, duk inda aka haɗu a taron dangi sai Baffa ya tambayi Kawu ko ɗiyar tasa ta aiko masa da jirgin sama, shi kuma ya ce ana kan ƙerawa.

Da bazarar shekarar da nake ba ki labari na zo hutu na wata guda. Ya yi daidai da sunan wata 'yar'uwarmu a Bakura, muka tafi da Inna. Da hantsi, an gama raɗin suna, ina cikin mata ana ta tsokanata wai na yi fari, sai aka ce Kawu na kirana a zaure. Na gyara mayafi na fita, na durƙusa a bakin ƙofa. Maza sun fi goma a kan tabarmi, Baffa Lawali na daga gefe yana ɓare goro.

"Ma'u, kin taho lahiya? Ya hanya? Ya mutanen can? Ya sanyi?"

"Lafiya lau, Kawu. Mun same ku lafiya? Ya su Inna Kulu?"

"Lahiya lau suke. To, Lawali, ga mai ilimin ta iso. Matso, ɗiyata, ki gani."

Ya ciro wani ƙulli daga aljihun rigarsa, ya kwance a hankali, ya zazzage wani baƙin yashi mai ƙyalli a kan faifai. Sa'an nan ya fito da mayen ƙarfe, irin na cikin tsohuwar rediyo, ya kawo shi kusa. Yashin ya yi tsalle ya manne, ya miƙe cirko-cirko kamar gashin bushiya. Mutane suka yi kabbara.

"Ga gonata na ɗebo shi, bakin rahi," in ji Kawu, idonsa na walƙiya. "Ba ke kinka ce ƙarhen da kike karatu cikin ƙasa yake ba? Ba ke kinka ce aikin mayen ƙarhe yake yi ba? To, ga shi Allah ya aje muna shi ƙarƙashin dawa."

Hafsatu, kafin yashin nan ya gama tashi daga faifan na san ko mene ne. Tama ce, ƙarfe na yau da kullum, irin wadda ruwa ke tarawa a kwanar kowane rafi. Muna yara mun yi wasa da ita. Duwatsun da ake ciro ƙarafan da nake karantawa ba sa tsalle haka su kama mayen ƙarfen rediyo, abin da nake aunawa kuma ba tono shi ake yi ba, haɗa shi ake yi, kuma ba ya farkawa sai a sanyin da Maradun ba za ta taɓa gani ba. Tsallen nan da ya sa su kabbara, ni shi ya nuna mini babu komai. Amsar gajeriya ce, kuma tana kan harshena. Sai dai a gidanmu ba a ce wa babba ya yi kuskure a gaban mutane, balle kawu, balle a gaban wanda ya shekara biyu yana jiran ranar da zai yi masa dariya. Na sunkuyar da kai ina neman yadda zan lanƙwasa maganar. Sai Baffa ya tofar da ɓawon goro.

"To, Malama, hwaɗa muna mana. Ko karatun bai kai nan ba?"

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kara ce ta kama ni. Akwai kara a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Na ɗaga ido na ga dattawa fiye da goma sun yi tsit suna jiran abin da zai fito daga bakina, ni da ko ruwa na kawo musu ba sa duban fuskata, sai na ji daɗi. Na ɗebi yashin na murza a tafin hannu, na karkata shi ga haske, kamar mai nazari.

"Akwai alama, Kawu," na ce. "Amma sai an kai shi na'ura."

"Kun ji ko?" Kawu ya buga cinya. "Akwai alama! Lawali, ka ji da kunnenka?"

Aka nemo wata kwalbar man shafawa da ta ƙare, ya cika ta da yashin, ya rufe bakin da leda, ya naɗe da zare ya ƙulle da haƙori. Na karɓa da hannu biyu. A mota, kan hanyar komawa Mafara, Inna ta daɗe tana kallon gonakin Bakolori ta taga. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana.

"Ke," ta ce, "abin da kinka hwaɗa wa kawunki, hakanan yake?"

"Sai an gwada, Inna."

Ta dube ni, ta mai da kanta taga.

Ranar da zan koma, na riƙe kwalbar ina tunani. Ba a barin mutum ya shiga wata ƙasa da yashi a jaka, kuma ko an bari, me zan gwada? Na ce a raina ruwa na sauka Kawu zai shiga shuka ya manta, in na dawo sai in same shi shi kaɗai in gaya masa a hankali. Na tura kwalbar can bayan jeren kwanonin Inna, waɗanda ba a taɓawa sai da biki, na ɗauki jakata na tafi.

Bai manta ba. A ƙauyensu waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu bayan gari. Kowace Jumma'a, in an sauko daga masallaci, Kawu zai hau tudun nan ya kira ni, ina jin iska na kaɗa rigarsa. Sai mun gama gaisuwa tsaf, ya tambayi malamaina da maƙwabtana da bai sani ba, sa'an nan ya ce ya labarin na'ura. Na farko na ce masa layi ne, ba a zo kanmu ba. Na biyu na ce na'urar na hannun wasu. Ƙarya ba ta taɓa yi mini sauƙi ba, amma na lura ta biyu ta fi ta farko sauƙi. A Jumma'a ta huɗu, ruwa ya riga ya sauka a gida, ina tsaye a barandar ɗakin gwaje-gwaje sai ya ce:

"Ɗiyata, bana ban shibka bakin rahi ba."

"Ba ka shuka ba, Kawu?"

"Ina za a shibka dawa bisa arziki? In rahi ya cika, kwashe shi zai yi. Mun hwara haƙa. Wankewa muke wada masu zinari ka yi, mu shanya, mu bi da mayen ƙarhe, mu ɗura buhu. Kahin sakamako shi hito mun tara abin kirki."

Na san lissafin damina, ni 'yar manoma ce. A ranar nan, da na buɗe baki, da sauran lokaci. Da ya mai da ƙasar da ya ɗan tona, ya shuka dawarsa, da ta yi. Abin da zan ce bai fi numfashi ɗaya ba. Amma in na faɗa, sai na faɗi na Bakura, da na layi, da na na'urar da ke hannun wasu. Na tuna yadda ya buga cinya. Na ji kunya ta rufe ni, kuma maimakon kunyar ta tura ni ga gaskiya, sai ta tura ni bayanta.

"A dai bi a hankali, Kawu," na ce.

"Hankali kwance, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Daga nan na fara barin wayar tana ƙara a cikin jaka ranar Jumma'a. In na ɗauka, in ce ina cikin aiki. Yakan ce in yi haƙuri ya dame ni.

A tsakiyar daminar nan ne na sami abin da na je nema. Wata ranar Laraba da rana, tukunya ta yi sanyi, ina zaune ina kallon layi na gangarowa a hankali, sai ga shi ya yi gwiwa, tsaf, kamar an lanƙwasa kara. Awon maganaɗisun ma ya tashi a daidai wurin. Allurorin nan da ba a gani sun yi sahu a gaban idona. Na ruga na kira malamar da ke duba aikina, wata dattijuwa mai ƙarancin magana. Ta sa tabarau ta duba, ta ce ya yi kyau, amma kada in gaya wa kowa tukuna. In ɗumama silin in sake sanyaya shi, in cire wayoyin in sake mannawa, in yanko wani silin daga dunƙulen in auna shi daban. Ta ce mutanen da ba su san ni ba za su karanta abin da na rubuta su gina nasu aikin a kai, saboda haka kada in ba su abin da ban tabbatar ba. Mako uku na yi ina maimaita awo ɗaya saboda baƙin da ban taɓa gani ba. Mutumin da ya tsaya mini kuwa, yana can cikin laka yana gina shekararsa a kan abin da ban ma gwada ba. Ranar da awo na ƙarshe ya fito daidai na fashe da kuka, malamar ta dafa kafaɗata tana murmushi, ta ɗauka murna ce.

Da kaka na dawo gida. Na isa Mafara da yamma, Zainabu ta rungume ni, maƙwabta suka shigo sannu da zuwa. Da aka watse, Inna ta kawo mini abinci da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye tire a gabana. Ga tuwo, ga miya, ga ruwa, ga kwalbar a tsakiya.

"Shekaranjiya ina share ɗaki don zuwanki na gan ta," ta ce. "Wace irin na'ura ta bayan kwanonina?"

Ta turo kwalbar gabana.

"Tun cikin mota na ga huskarki. Na ce a'a, mai ilimi ta, ni mi na sani? Gonar ubana ta, kin sani ko? Nan anka binne cibiyata." Muryarta ta sauka. "Gobe da sahe za mu Dosara. Ke za ki riƙe ta, da hannunki."

Muka yi sammako, domin hanyar nan ba a son a bi ta bayan la'asar. Ko'ina an yanke dawa, dammuna jingine da juna a gonaki, mata na sussuka, amalanken shanu na ta kai da kawowa. Kafin a shiga ƙauyen ana wucewa ta bakin rafi. Inna ta ce wa direba ya ɗan tsaya. Ban gane gonar ba sai da na ga tsamiyar da ke kan iyaka. Ramuka ne ko'ina, wasu har ƙugu, cike da koren ruwa. Baƙar ƙasar sama, wadda kakanni suka shekara suna zuba wa taki, an tara ta tsibi-tsibi a gefe, ruwan damina ya wanke rabinta ya kai rafi. Abin da ya rage jan tsakuwa ne. Inna ta duba, ta duba, ta ce wa direba mu je.

Kawu ya tare mu da murna har yana tuntuɓe. Ya rame, ƙafafunsa sun tsattsage saboda zaman ruwa. Ya sa matarsa, Inna Kulu, ta kama kaza. Kafin mu zauna ya ja ni ya nuna mini rumbunsa. Ya ɗaga murfin ya ce in leƙa. Buhuna ne jere har wuya, an ɗinke bakinsu da kyau, baƙin yashi na tsiyaya ta kusurwar ɗaya.

"Nan ya hi tsaro," ya ce. "Ba mai zaton arziki na cikin ruhewa."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Inna ta tashi ta bi Inna Kulu madafa. Na ciro kwalbar daga jaka na ajiye a gabansa. Ya ɗauka yana murmushi, ya juya ta, sai ya tsaya a kan zaren. Ya shafa ƙullin da babban yatsa.

"Wanga ɗaurina na," ya ce.

"Ban tafi da ita ba, Kawu. A ɗakin Inna na bar ta. Ba a gwada komai ba. Tama ce, irin ta kowane rafi."

"Tama."

"Irin wadda maƙera ke narkawa a da."

"To ai maƙeran ma sun bari." Ya ɗan yi wata dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ko kaɗan babu? Ko ɗan na gwaji?"

"Babu, Kawu."

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun Bakura."

"Tun bisa tabarma?"

"Tun kafin in taɓa shi."

Ya ajiye kwalbar a hankali, kamar har yanzu akwai abin fashewa a ciki. Ya daɗe yana kallon rumbun. Ina jin kazar na kuka a bayan ɗaki, sa'an nan ta yi shiru. Na so ya yi faɗa. Na so ya tashi ya nuna ni da yatsa, ya kira Inna ta zo ta ji.

"Da kin hwaɗi can," ya ce, "da Lawali ya yi mani dariya har a watse. Shi ke nan. Na san dariyar Lawali, tun muna samari nike jin ta, ba ta taɓa hana ni cin tuwo ba."

Aka kira azahar, ya ɗauki buta ya fita. Labari ya riga ya zaga cewa 'yar boko ta zo da sakamako, saboda haka da aka idar da salla mutane suka biyo shi har ƙofar gida, har da waɗanda suka taya shi haƙa. Tsakanina da su zana ce kawai. Na ji wani ya ce, to Sahabi, a yi muna albishir.

"Sakamako ya taho, babu komi," in ji Kawu, da murya sarai. "Tama ta. Kuma ku ji da kyau, yarinya tun hwarko ta ce mani in dakata, in shibka gonata har a gwada. Kullum na kira ta sai ta hwaɗi. Ni na ƙi ji. Kwaɗayi na, ba wani abu ba."

Wasu suka yi salati, wasu suka yi masa jaje. Wani ya ce ai sai ya buɗe kasuwar yashi, aka yi dariya, na ji muryarsa a ciki. Na miƙe tsaye na nufi ƙofa, ban san me zan ce ba, amma na miƙe. Muka yi kiciɓis da shi a bakin zaure. Ya dube ni ya gane.

"Koma ki zamna."

"Kawu, ba haka aka yi ba."

"Na sani, ai ina wurin. Zainabu na son karatun asibiti, ko ba haka ba? In Lawali ya ji wada anka yi, ko tasha ba ta leƙawa. Ba ita kaɗai ba, duk ɗiyan dangi. Ni tsoho na, in an ce Sahabi ya yi wauta, gobe a manta." Ya gyara hularsa. "Ki riƙe bakinki. Kin iya, ai."

Bai faɗe ta da zafi ba. Da ya faɗe ta da zafi, da wataƙila ta warke.

Na riƙe bakin nawa. Da ranin nan Kawu, da furfurarsa, ya zo ƙwadago a gonakin shinkafa na Bakolori, yana kwana a zaurenmu, yana fita da asuba. Abin da na aika masa ya karɓa ya yi godiya, amma ba a aiko da ƙasar noma daga waje. Ya cike ramukan da yashin da ya tara, ya yi ta jigilar taki, kuma har ya bar duniya gonar ba ta koma yadda take ba. Zainabu ta tafi karatunta, ta gama. Aikina ya fito a mujallar masana, da hoton layin nan mai gwiwa, an ce awo ne mai tsafta. Baffa Lawali kuwa har yau, in aka ambaci Kawu, sai ya girgiza kai ya ce mutumin kirki ne, sai dai ba ya jin shawara. Sau da yawa ina wurin ake faɗa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a ranar da na mai da masa kwalbar, kafin mu baro ƙauyen. A al'adarmu, baƙon da ya zo da kaka ba ya komawa hannu sake, sai an haɗa shi da abin gona. Muna shirin shiga mota sai Kawu ya ce mu ɗan jira. Ya zaga ta bayan gida, ya jima, sai ga shi da damin dawa a ka. Ya ɗora a bayan mota da kansa, ya ɗaure, ya ce tsarabar ɗiyarsa ce, a yi mata tuwon sabuwar dawa kafin ta koma ƙasar sanyi. Na ce Kawu ka bar shi. Ya ce kada in ba shi kunya a gaban direba.

Da muka isa Mafara aka sauke damin a tsakar gida. Inna ta zaro zangarniya ɗaya, ta murza a tafin hannu, ta hure, ta duba ƙwayar a hasken yamma.

"Wagga ba dawar gidanmu ba ta," ta ce. "Tamu ja ta. Roƙowa ya yi."

Washegari ta sussuka, ta surfa, ta kai niƙa, ta tuƙa tuwon da kanta. Ta zuba mini malmala biyu ta ajiye a gabana, ta jawo kujera ta zauna. Ba ta tashi ba sai da na cinye.